Kuɗin Tike Namu Ne, To Aikin Meri Na Wane Ne?

Gaisuwa ta musamman ga makiyaya da ke mashekari a kwarin Binuwai da na Faro, da dillalai da fatake na kasuwannin Adumri, Ngong, Pitowa da Gidar, da direbobi da 'yan acaɓa masu bin hanyar Gashiga zuwa Belel, da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka a Yola, Fufore, Maiha da Mubi. Allah ya tsare dukiya, ya sa albarka a nema.

Yau maganarmu a kan ofishin da babu wanda bai taɓa hulɗa da shi ba a cikinmu, ko da bai taɓa taka ƙofarsa ba. Wato meri, ofishin magajin gari mai riƙe da komin, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa ƙaramar hukuma. Ranar kasuwa saniya ba ta fita daga kara sai an yanka mata tike. Mai rumfa yana biya, mai kasa kaya a ƙasa yana biya, mahauci yana biya a kwata, mota tana biya a tasha, garken da ya ratso daga Chadi zai wuce Najeriya shi ma yana biyan kuɗin wucewa. A komin ɗin da ke da kasuwar shanu, kaso mai tsoka na abin da meri ke tarawa da hannunta daga nan yake fitowa, kuma irin wannan kuɗi yana cikin abin da ake biyan albashin ma'aikata da shi.

To ga tambayar da muka zo da ita. In ka shiga meri ka dubi waɗanda ke zaune bayan tebur, 'ya'yan ruga nawa za ka gani? Mata nawa? Naƙasassu nawa? 'Ya'yan masu kasa kaya a bakin iyaka nawa? Kowa ya ƙirga na garinsu a ransa. In lissafin ya yi daidai da yawan jama'ar da ke biyan tike, madalla. In bai yi ba, sai mu duba inda gizo ke saƙar.

Wa ke ɗauka, wa ake ɗauka

Kamaru tana da komin 360, da manyan birane 14 masu babban magajin gari, Garwa na cikinsu. Jiharmu ta Arewa tana da gunduma huɗu, Binuwai, Faro, Mayo-Luti da Mayo-Rey, da komin 21. Uku suna cikin Garwa kanta, wato Garwa ta ɗaya, ta biyu da ta uku. Sauran su ne irin su Pitowa, Bibemi, Lagdo, Ngong, Gashiga, Barndake, Turuwa, Gidar, Figil, Poli, Beka, Rai-Buba da Tuboro. Kowace ɗaya wurin aiki ce mai biyan albashi, kuma a garuruwan karkara, in ka cire kamfanin auduga na SODECOTON da ma'aikatan da gwamnati ta turo, ba kasafai kake samun wani wurin aikin wata da ya kai ta ba.

Ma'aikatan meri iri biyu ne. Akwai manya da ake naɗowa daga sama: sakatare janar, wanda ministan da ke kula da komin-komin ke naɗawa, da ma'ajin meri, wanda naɗinsa sai da hannun ministan kuɗi. Sannan akwai sauran, waɗanda magajin gari ne ke ɗaukarsu bisa dokar ƙwadago: masu yanka tike a kasuwa da kara, masu rubuta takardar haihuwa, masu kula da tsafta, direbobi, masu gadi, masu shara, 'yan sandan meri, har da malaman makaranta da masu taimakon likita da wasu komin ke biya daga aljihunsu. Nan ne maganarmu take. Waɗannan guraben ba a Yawunde ake raba su ba. A garinku ake raba su, a ofishin mutumin da kansilolinku suka zaɓa.

Rabon kaso ya tsaya a bakin jiha

Maganar a raba aikin gwamnati da adalci ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, kudu ta yi wa arewa fintinkau a karatun lekwal, domin makarantun mishan sun daɗe da kafuwa a can. Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa ɗan Garwa ne, ya kawo tsarin daidaita yankuna a konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati. An yi dokar a 1975, aka gyara ta a 1982, inda aka ware wa tsohon lardin Arewa kashi 30 cikin 100 na gurabe. A 1983 aka raba lardin gida uku, daga baya aka raba kason: Arewa Mai Nisa 18, Arewa 7, Adamawa 5.

Wannan tsari ya yi amfani, kada wanda ya ce muku bai yi ba. Da yawa daga manyan ma'aikatanmu ta wannan ƙofa suka shiga. Amma yana da iyaka. Abin da yake tambaya kawai shi ne: iyayenka 'yan wace jiha ne? Ba ya tambayar a ina ka tashi. Yaron da ya tashi a tsakiyar Garwa, ubansa ma'aikaci, lise tana bayan gidansu, da yaron da ya tashi a ruga can wajen Tuboro, makaranta mafi kusa tafiyar rabin wuni, duk a takarda 'yan Arewa ne, kashi 7 ɗin nan suke takara a kai. Kun san wanda zai ci. Kuma tsarin an yi shi ne don konkur ɗin gwamnatin tsakiya. Bai sauko kan mai yanka tike a kasuwar Pitowa ranar Lahadi ba.

To me doka ta ce game da cikin gida? Tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ya ɗora wa gwamnati kare marasa rinjaye da haƙƙin 'yan asali, kuma Mbororo suna cikin al'ummomin da hukuma ta amince da su a wannan matsayi. Ƙungiyarsu ta MBOSCUDA tun 1992 take fafutukar ilimi da wakilci. Dokar zaɓe ta 2012 ta ce duk jam'iyyar da za ta kawo jerin 'yan takarar kansila sai ta yi la'akari da ire-iren al'ummar komin ɗin, da kuma maza da mata. Sai babbar dokar komin da jihohi ta 24 ga Disamba 2019, wadda ta bar wa komin 'yancin ɗaukar ma'aikatanta, ta kuma ce gwamnati za ta kafa musu tsarin aiki nasu na musamman. Kun ga kenan kujerun zaɓe suna da ƙa'idar haɗa kowa, amma kujerun aiki sun fi dogara da hali da adalcin mai ɗauka. Kuma ko magajin gari waliyyi ne, akwai ƙofofi uku da ke tsayar da 'ya'yanmu tun kafin su iso gabansa.

Ƙofa ta farko: takarda

Babu aikin da za a ba ka a rubuce, ko na gadi ne, sai ka kawo dosiye. Cikin dosiye akwai katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da shaidar karatu, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba. Duk waɗannan uwarsu ɗaya ce: takardar haihuwa, wadda muke ce wa akt. Ba akt, ba kati. Ba akt, yaro zai yi shekara shida a firamare, ya kai ajin ƙarshe, a ce ba zai zauna jarrabawar CEP ba. Ba CEP, hanya ta yanke tun daga nan. Ko aikin ɗan sandan meri, wanda aka tsara da dokar shugaban ƙasa ta 9 ga Agusta 2022, yana da sharaɗin zama ɗan ƙasa, da shaidar karatu, da iyakar shekaru, sannan horo a hannun makarantar NASLA da ke Buya.

Abin takaicin shi ne wannan takarda kyauta ce in an yi ta a kan lokaci. Doka ta ba da kwana 90 daga ranar haihuwa. In a asibiti aka haihu, su ne za su fara kai sanarwa. In a gida ne ko a ruga, uba ko uwa ko wanda ya shaida haihuwar zai je meri, ko ƙaramin ofishin rajista da ke wasu ƙauyuka. In wa'adi ya wuce sai an bi ta hannun hukuma, in kuma aka jima sai kotu: takardar likita mai kimanta shekarun yaro, takardar meri mai cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, shaidu, kuɗin tambari, kuɗin mota, zuwa da dawowa. Abin da za a yi a wuni ɗaya ba ko dala, ya koma ɗawainiyar da sai an sayar da tunkiya.

Ga makiyayi matsalar a fili take. Haihuwa ta zo ana mashekari, suna ya wuce, shanu suna neman ruwa, wa ke da lokacin zuwa gari? Kafin a dawo wuri ɗaya da damina kwana 90 sun cika. Shekara ashirin bayan haka, meri ta ce tana neman mai kula da kara, yaron nan wanda ya san saniya tun daga kofato har ƙaho ba shi da dosiye. Sai a ba wanda bai iya bambanta bokolo da rahaji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, jama'a. Aikin da ɗanka zai nema a meri, tun yana goye ake fara neman sa.

Ƙofa ta biyu: sanarwa

Ko da takardu sun cika, sai ka ji labari kafin ka nema. A wurare da yawa ba a jin an buɗe gurbi, sai dai a wayi gari a ga sabon mutum riƙe da littafin tike. Ya aka yi? Ɗan'uwan wane ne, ko ya yi wahala lokacin kamfe. Wani lokaci ana liƙa takarda a bangon meri, da Faransanci, kwana kaɗan a rufe. Wa ke karanta bangon meri? Wanda dama kullum yana can. Mutumin ruga da matar da ke cikin gida da ɗan kasuwar da ya kwana a Mubi ba za su gani ba.

Akwai kuma ɗaukar wucin-gadi. A ɗauki yaro babu takardar yarjejeniya, yana yanka tike shekara da shekaru, ba rajista a asusun CNPS na fansho, in sabon magajin gari ya hau a sallame shi a kawo wani. Irin wannan aiki ba ya amfanin kowa. Mai yin sa ya san kwanansa ƙirgagge ne, don haka hankalinsa yana kan abin da zai sa aljihu yau. Mu masu biya mu ke shan wahalarsa: a karɓi kuɗi ba rasit, ko a ba ka tiken makon jiya. Saboda haka in muna cewa a sanar da gurabe a fili, a rediyo da Fulfulde da Hausa da sauran harsunan yanki, a kasuwa ranar cinta, a ƙofar lamido da lawan da jauro da arɗo, a masallaci da coci, ba 'ya'yanmu kaɗai muke yi wa ba. Aljihunmu muke karewa.

Ƙofa ta uku: "kai ba ɗan nan ba ne"

Wannan ita ce mai zafi, don haka mu bi ta a hankali. Wane ne ɗan nan a ƙasar Binuwai? Fali da Bata suna nan tun kafin a kafa lamidancin Garwa a ƙarni na 19. Fulɓe sun kafa sarauta ƙarƙashin tutar Modibbo Adama na Yola. Hausawa da Barebari sun zo da fatauci da malanta, har ga unguwar Hausare a Garwa tana shaida. Daga shekarun 1970, gwamnati da kanta ta ƙarfafa wa manoma daga Arewa Mai Nisa, Tupuri da Mundang da Mafa da Giziga da sauransu, su sauko noma kwarin Binuwai, kuma bayan an gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 masunta suka biyo daga wurare da dama. Jikokin waɗannan mutane a nan aka binne cibiyarsu. Mbororo kuwa suna bin burtalan nan tun kafin a haifi mafi yawan masu saurarenmu.

Dokar 2019 ta ce babban magajin gari na birni irin Garwa sai ɗan asalin jihar, kuma wannan sharaɗi ya jawo muhawara mai zafi a Duwala da Yawunde. Amma a lura: kan kujera ɗaya ake magana, kuma jiha aka ce, ba ƙabila ba. Babu inda aka ce mai rubuta akt ko direban meri sai ɗan gidan sarauta ko ɗan wata ƙabila. Duk wanda ya ce wa ɗan Kamaru mai cikakkun takardu ba zai yi aiki a komin ɗin da aka haife shi ba saboda kakansa daga wani wuri ya zo, ra'ayinsa ya faɗa, ba doka ba. Kuma a wannan rana ta 24 ga Disamba 2019 aka ƙara wa kundin hukunta laifuka sashen da ya haramta kalaman ƙiyayya ga mutum saboda ƙabilarsa, hukuncin har da ɗauri.

Mu mutanen iyaka muna da ƙarin namu. Iyakar nan Turawa ne suka ja ta a tsakiyar ƙasar Adamawa, ta raba wa da ƙane. A ƙuri'ar Fabrairu 1961 yankin Mubi ya zaɓi bin Najeriya, dangi suka rabu gida biyu. Sakamakon haka sai ka ga mutum a Gashiga ana ce masa ɗan Najeriya, in ya haura Belel a ce masa ɗan Kamaru. Maganin wannan shi ne takarda mai tsabta. Kuma ga gargaɗi: dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba. Wanda ya yi wa yaro takarda nan da can da sunaye daban da shekaru daban, yana ganin dabara ce, ya ɗaure masa ƙafa ne. Ranar da zai nemi aiki, ita za a fara kafa masa hujja da ita.

Mata da naƙasassu

Ku dubi kasuwa. Wa ke sayar da nono da fura da man shanu? Wa ke sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi? Mata ne, kuma suna biyan tike kamar kowa. Amma in sun je meri, sau da yawa namiji za su tarar a kowane tebur. Matar da ta haihu a gida, mijinta yana daji da shanu, za ta fi sakewa ta je yi wa jariri rajista in ta san mace 'yar'uwarta za ta tarar, mai jin harshenta. Ma'aikaciya ɗaya a teburin akt tana iya buɗe wa yara ɗaruruwa ƙofar farko da muka ambata. Masu cewa mace ba za ta iya aikin meri ba, su tuna Selestin Keca Kurtes ta riƙe garin Bangangte a matsayin magajiyar gari tun daga 2007, har aka ba ta minista a 2019.

Naƙasassu kuma doka tana bayansu. Dokar 13 ga Afrilu 2010 ta ce in naƙasasshe yana da ilimi ko horon sana'a, a sassauta masa iyakar shekaru wajen ɗauka, kuma in cancantarsa ta zo daidai da ta wani, shi za a fifita. Ta hana a ƙi mutum saboda naƙasa kawai. Wanda shan-inna ta taɓa wa ƙafa, me zai hana shi riƙe littafin rajista ko aiki da kwamfuta? Sau da yawa abin da ke hana shi matakalar ƙofar ofis ce, da kuma iyayen da suka ga bara ta fi masa makaranta.

Me ya shafi wanda ba ya neman aiki?

Wani dattijo zai ce: ni shanuna sun ishe ni, me zan yi da albashin meri? Baffa, saurara. Tun daga 2010 gwamnati ta fara miƙa wa komin wasu ayyuka na kiwo: kasuwannin dabbobi, shingen allurar riga-kafi, mashaya, da shata wuraren noma da kiwo. Kowace komin tana da tsarin raya ƙasa inda ake jera abin da za a gina da inda za a gina shi. Ma'aikacin da ke zagaya ƙauyuka yana rubuta buƙatun jama'a, in bai san burtali ba, ba zai sa shi a takarda ba. In aka yi taron da rani, kuna mashekari, ba wanda zai ce a jira ku. Sai a haƙa rijiya a tsakiyar gonaki, inda duk garken da ya nufe ta sai ya yi ɓarna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka batun rikicin gona. Dokar 3 ga Yuli 1978 ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya ƙarƙashin su-firefe, kuma ta ba makiyayi ko arɗo kujera a ciki tare da manomi da sarkin gari da dattawa biyu. Kujera tana nan, amma rahoton da Faransanci ake rubuta shi. Arɗon da ke da ɗa mai karatu, wanda ya san yadda ofis ke tafiya, ba zai dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba. Wannan amfani ba na makiyayi kaɗai ba ne. Manomin Mafa da ke Ngong, ko masuncin Lagdo, shi ma yana buƙatar wanda zai saurare shi da harshensa. Ofishin da kowa ke ganin nasa a ciki, hukuncinsa ya fi karɓuwa, tikensa ya fi sauƙin karɓa.

Abin da masu ja ke cewa

Akwai masu cewa: a bar cancanta ta yi aiki, kada a cika meri da waɗanda ba su iya ba don kawai a faranta wa kowace ƙabila. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɗauki wanda bai iya ba. Mai lissafin kuɗi sai ya iya lissafi. Amma mene ne cancanta ga mai kula da kara? Sanin dabba, sanin dillalai, jin Fulfulde da Hausa da Larabcin Shuwa, iya raba faɗa kafin a zare sanda. A sa waɗannan a ma'auni tare da satifiket, a yi gwaji a fili, a liƙa sakamako. In aka yi haka cancanta ce ta yi aiki. Abin da ke kashe cancanta shi ne ɗauka a ɓoye.

Wasu kuma za su ce komin ba ta da kuɗi, waɗanda ke ciki ma suna bin bashin albashi. Wannan ma akwai shi a wurare. Dokar 2019 ta yi maganar ware wa komin da jihohi aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati, kuma magadan gari ba su daina kukan abin da ke isowa hannunsu bai kai ba. Amma ko gurbi biyu ne a shekara, raba shi da gaskiya ba ya cin ko sisi. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, Jami'ar Marwa tana nan tun 2008, ta Garwa tun 2022. In muka tura yara duka bayan shanu ko bayan kanti, muka cire yarinya daga aji don aure, ranar rabon aiki ba mu da bakin magana.

Ƙetaren iyaka

'Yan'uwanmu na Najeriya, ku ma maganar ta shafe ku. Jihar Adamawa tana da ƙananan hukumomi 21, daidai da yawan komin ɗin jiharmu. Tsarin mulkinku na 1999, a sashe na 14, ya ce gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma su yi la'akari da bambancin jama'ar da ke ƙarƙashinsu. Ƙananan ma'aikata, mataki na 1 zuwa na 6, ƙaramar hukuma ce ke ɗauka, daga na 7 zuwa sama kuma hukumar jiha. Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben ma'aikatun gwamnati, kuma tun 1989 kuna da hukumar ilimin makiyaya. Amma ku ma kuna da taku ƙofar, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda makiyayi da jikan baƙo ke shan wuya kafin su samu. Ciwon ɗaya ne, sunan takardar ne ya bambanta.

To me za mu yi?

Na farko, duk jaririn da aka haifa, a yi masa akt kafin kwana 90. A haɗa shi da hidimar suna: yadda ba a fasa rago, kada a fasa takarda. Arɗo ya riƙe littafi ko ya sa wani yaro mai karatu ya riƙa rubuta haihuwar ruga, ranar kasuwa a kai meri. Waɗanda suka makara, ku haɗa sunaye ta hannun arɗo ko ƙungiya ku roƙi magajin gari ya nemi kotun tafi-da-gidanka. Ana yin ta, kuma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kowa ya je shi kaɗai.

Na biyu, kowane gida ya tsayar da yara a makaranta har su sami shaida, mata da maza, da mai lafiya da mai naƙasa. Na uku, ku san haƙƙinku a meri. Kansiloli suna zama duk bayan wata uku, kuma zaman a buɗe yake ga jama'a. Su ke jefa ƙuri'a kan kasafin da albashi ke ciki. Sashe na 40 na dokar 2019 ya ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman kwafin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, in zai biya kuɗin kwafin, ya kuma ba kowa damar kai wa magajin gari shawara. Kun ji: mai biyan haraji. Wato ku. Ƙungiyar dillalai ko ta makiyaya ko ta matan kasuwa ta rubuta wasiƙa cikin ladabi, ta nemi a riƙa sanar da gurabe a fili, ta ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

Na huɗu, zaɓe. Komin mai ƙasa da mutum 50,000 tana da kansila 25, mafi girma tana da 61. Ofishin ELECAM yana rajistar masu zaɓe daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta kowace shekara. In 'yan siyasa suka zo da gishiri da atamfa, ku tambaye su: wa kuka sa mana a jeri, kuma a layi na nawa? In kun hau, ta yaya za ku ɗauki ma'aikata? A yi tambayar a gaban jama'a, domin alkawarin da aka yi a zaure da dare ba shi da shaida.

Ga magadan gari da sakatarorinsu da ke saurarenmu, mun san nauyin da ke kanku, kuma mun san akwai masu ƙoƙari a cikinku. Roƙonmu kaɗan ne: ku ƙirga ma'aikatanku ku ga wa ke ciki wa ke waje, ku sanar da kowane gurbi da harshen da jama'a ke ji, ku ba wanda kuka ɗauka takardar yarjejeniya. Mai biyan tike in ya ga ɗansa ko 'yarsa na iya zama a wannan ofis, ba sai an bi shi da sanda ba.

Jama'a, nan za mu dakata. Wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba, musamman waɗanda ke can daji inda rediyo ba ta kamawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dabbobi daga cuta da ɓarayi, ya zaunar da iyakokinmu lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.